Masu Hilux, ku ji tausayin idonmu

Wai me ya sa duk wanda ya sayi Hilux sai ya cire ƙwan fitilar asali, H4 mai wat 60/55, ya cusa farar LED? Don halojin, wato irin wannan ƙwai na asali, aka ƙera kwanon fitilar nan; ka canza masa ƙwai, haske ya watse, rabi a idon mai tahowa. Ga baya an danne da buhunan gero, hancin mota ya ɗaga sama. Da dare a hanyar Ɗan Issa ɗan kabu-kabu sai ya ratse gefe yana murza ido. In hazo ya sauko kuwa, kai kanka ba ka gani. Haba Alhaji! Ƙusar saiti tana bayan fitila, a ba bakanike ya sunkuyar da fitilar mana.