Kwamitin ruwa babu mai ɗebo ruwa

Wato har yanzu akwai masu kare hoton nan? Ikon Allah. Ana ta yawo da shi ana sa albarka, wai an ƙaddamar da kwamitin kula da rijiyar burtsatse a ƙauye. Maza reras a kan kujeru, kowa ya ci ado, ga shugaba, ga mataimaki, ga sakatare, ga ma'aji, har da wani wai jami'in hulɗa da jama'a. Rijiya ɗaya tak, da jami'in hulɗa da jama'a! Matan kuwa suna can gefe a tsaye da bokitai, an kira su su cika hoto. Tambaya ɗaya na yi a ƙasan hoton, na ce ina matan kwamitin, sai ga jama'a sun yi caa a kaina kamar na zagi iyayen wani.

To ga tambayar nan na sake maimaitawa, kuma da babbar murya. A cikin mutanen da ke zaune a kujerun nan, wa ya taɓa ɗora jarka mai lita 20 a kansa? Lita 20 na ruwa kilo 20 ne, ban da nauyin jarkar, ban da goyo a baya. Wa ya san ƙarfe nawa layi yake fara tsawo? Wa ya san ranar da ruwan ya canza ɗanɗano, ko ranar da hannun famfo ya fara ƙara kafin ya karye? Wadda ta san wannan duka tana tsaye da bokiti, wanda ake kai wa ruwan wanka har bayi shi ne shugaba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada wani ya ce min wannan matsalar ƙauye ɗaya ce. A 2016 UNICEF ta ƙiyasta cewa mata da 'yan mata na duniya suna kashe awa miliyan 200 kowace rana wajen ɗebo ruwa. Kowace rana fa, ba shekara ba. A 2023 kuma rahoton haɗin gwiwa na UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce a gidaje 7 cikin 10 da ba su da ruwa a cikin gida, mata da 'yan mata ne aikin ɗebowa ya rataya a wuyansu. Aikin nasu ne, wahalar tasu ce, ciwon wuya da na baya nasu ne, makarantar da yarinya take makara saboda layin famfo tata ce. Da an zo zaman shawara sai a tuna cewa ai su mata ne.

Wani bawan Allah ya rubuto min cewa ai ba su yi karatu ba, ta yaya za su riƙe kwamiti. Malam, da wane digiri ake sanin famfo ya lalace? Kuma mazan da ke kan kujerun duk farfesoshi ne? Matar da take riƙe lissafin gida da ka, ta san wa ke binta, ta san wa take bi, ba ta taɓa ɓatar da ko sisi ba, ita ce za ta kasa ƙirga kuɗin gyaran famfo? Tsarin asusun adashi da rance na matan karkara da yanzu ake yi a ƙasashe da dama, a Nijar ƙungiyar CARE ta fara shi a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, kuma galibin matan da suka fara shi ba su shiga aji ba. Suka riƙe akwati, suka ba da rance, suka karɓa. Ku nemo wata hujjar, wannan ta tsufa.

Wata kuma, mace 'yar'uwata, ta ce ai matan ne ba sa so, kunya suke ji. Yaya, an tambaye su? An sa taro a lokacin da ba sa kan murhu ko hanyar rafi? An ce su zo su biyar tare, ko ɗaya aka ce ta zo ta zauna a tsakiyar maza ashirin sannan a ce ga shi ta yi shiru? Ka sa taro a lokacin da ka san mutum ba zai samu zuwa ba, a wurin da ka san ba zai iya buɗe baki ba, sannan ka dawo ka ce ba ya sha'awa. Wannan wayon ai ko yaro ya gane shi.

Masu cewa aƙidar Turawa ce na shigo da ita kuwa, ba zan ɓata lokaci a kanku ba. Ku koma ku karanta abin da ya faru a Hudaibiyya, lokacin da al'amari ya yi wa sahabbai nauyi, shawarar Ummu Salama, Allah Ya ƙara mata yarda, ita ce ta warware lamarin. Shi ke nan, mu wuce.

Bari na ajiye ba'a na yi maganar gaskiya, don abin yana ci min rai. Ba hasashe nake yi ba, an gwada an gani. Indiya ta yi wa tsarin mulkinta gyara na 73, wanda ya fara aiki a 1993, aka ware wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauye, har da kujerun shugabanci. Daga baya masana tattalin arziki, ciki har da Esther Duflo wadda ta samu kyautar Nobel a 2019, suka bi ƙauyukan Bengal ta Yamma da Rajasthan suka duba abin da ya canza. Sakamakon da suka fitar a 2004 ya nuna majalisun da mata ke shugabanta sun fi zuba kuɗi a ruwan sha. Dalili kuwa a fili yake, shi ne abin da mata suka fi kawo kuka a kai, kuma yanzu akwai mai jin kukan a kan kujera. Wani binciken na 2012 a ƙauyuka 495 ya gano abin da ya fi taɓa min zuciya: inda mace ta yi shugabanci zango biyu, tazarar karatu tsakanin samari da 'yan mata ta rufe, lokacin da 'yan mata ke kashewa a aikin gida ya ragu, iyaye suka ɗaga burin da suke yi wa 'ya'yansu mata. Yarinya ta ga mace tana yanke hukunci, uban yarinyar ma ya gani. Abin da hoton nan ya hana 'yan matan ƙauyen gani ke nan.

Na sani, na sani, za a ce a can ma wasu matan suna ne kawai, mazajensu ke juya akalar. Haka ne, ana samu. To sai me? Don wasu sun yi maguɗi sai a ƙi ba da kujerar gaba ɗaya? Duk da maguɗin ai ruwan ya ƙaru.

Abin haushin ma, maganar nan ba sabuwa ba ce. Tun 1979 yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata ta keɓe sashe na 14 sukutum ga matan karkara, ta ce a sa su cikin tsara ayyukan raya ƙasa a kowane mataki. A 1992 taron Dublin kan ruwa ya rubuta ƙarara cewa mata ne ke tsakiyar samar da ruwa da kula da shi. Tun 2008 ake bikin ranar matan karkara duk 15 ga Oktoba, a buga riguna, a yi jawabi a otal, a watse. Takardu sun cika kabad, kujera ce dai babu. Su ma ƙungiyoyin da ke ba da kuɗin haƙa rijiyoyin nan da laifinsu, don suna ganin jerin sunayen kwamiti kafin su sa hannu, kuma suna sa hannun.

Don Allah kuma kar a gyara min shi da mace ɗaya da za a ba muƙamin shugabar mata, aikinta share bakin famfo da raba faɗan layi. Rabin kujeru nake magana, da makullin akwati, da sa hannu a takardar banki. Wadda take ɗebo ruwan a ba ta kujera. Ba zan gaji da faɗa ba.