Ranar da Matashin Leshi Ya Biyo Ni

Malamarmu ta saƙar leshi tana da wata magana da take yi wa kowace sabuwar ɗaliba a ranar farko: wai sana'ar nan kaf ɗinta motsi biyu ce, gitta da murɗa. Da na ji haka sai na gyara zama, na ce a raina ai kafin wata ya ƙare na ƙware. Abin da na ɓoye mata shi ne, ni har yau sai na tuna hannun da nake rubutu da shi kafin in bambance dama da hagu.

Leshin da muke koyo ba irin na inji ba ne da ake yankowa a yadi. Na hannu ne, wanda ake kitsawa da zare a kan matashi. Kowane zare yana naɗe a jikin ɗan kwarkwaro na katako, tsawonsa kamar santimita 10, kuma biyu-biyu suke tafiya, shi ya sa muke ce musu tagwaye. Komai yawan kwarkwaron da ke kan matashi, huɗu kawai hannu yake taɓawa a lokaci guda. Idan aka jera su daga hagu, gitta ita ce a ɗora na biyu a kan na uku. Murɗa kuwa a ɗora na biyu a kan na ɗaya, na huɗu a kan na uku, a tare. Gitta hagu kan dama, murɗa dama kan hagu. Gitta, murɗa, gitta shi ke ba da saƙa mai cika kamar ta ƙyalle. Gitta da murɗa kaɗai, rabin saƙa ke nan, mai kama da raga. Ni kuwa a makon farko na ƙirƙiro motsi na uku, wanda Malama ta duba ta sake dubawa, ta ce ita dai shekarunta a wannan aiki ba ta san sunansa ba.

Tun kafin a kai ga zare na fara ɓaro ɓarna. An ce kowa ta zo da matashi, sai na ɗauko na kan gadona, mai laushi, har da sabuwar riga na sa masa. Malama ta soka fil ɗaya a ciki, ta ɗan ja shi da zare, sai ya kwanta kamar wanda barci ya kwashe. Ta ce, “'Yar nan, wannan na hutawa ne. Namu na wahala ne.” Matashin leshi dole ya yi tauri har ya zama idan an danna da babban yatsa ba ya lotsawa, domin fil ne ke riƙe da siffar aikin, idan ya karkata zanen ma ya karkata. A da da ciyawa busasshiya ko garin katako ake ɗura shi a daddage, yanzu an fi amfani da soso mai tauri. Na masu koyo faɗinsa yakan kai santimita 45, da ɗan tudu a tsakiya don kwarkwaro su gangara su ja zaren da nauyinsu.

Fil ɗin ma da na sayo na baƙin ƙarfe ne. Wata dattijuwa da ke zaune kusa da ni, wadda duk ajin muke kira Yaya, ta ce in mayar da su aljihu. Aiki yakan yi makonni a kan matashi, baƙin ƙarfe yana jin danshi zai yi tsatsa, tsatsa kuwa idan ta kama farin zare sai dai haƙuri. Na tagulla ake so, ko ƙarfen da ba ya tsatsa.

Da haka na gane yadda ake koyon abin nan. Malama tana nuna motsi, amma rabin ilimin daga maƙwabciyar kujera yake zuwa, a raɗa, lokacin da ta ga ana shirin faɗawa ramin da ita ta taɓa faɗawa. Malama ta ce tun asali haka yake. Littafin zanen leshi da aka buga a Banis ta ƙasar Italiya a 1557, mai suna Le Pompe, zane ne zalla a ciki, bai tsaya koya wa kowa yadda za a motsa hannu ba, don an ɗauka mai saye tana da wadda za ta zauna kusa da ita. Na ce lallai da a zamanin nake da an kore ni daga garin.

Naɗin zare shi ya ci mini yamma guda cur. Ana auna zare kamar mita biyu, a naɗe rabi a kwarkwaro ɗaya daga wannan bakin, rabi a ɗan'uwansa daga wancan bakin, ta yadda tsakiyar za ta rataya a fil ba tare da ƙulli ba. Sharaɗin shi ne duk a naɗe su ta fuska ɗaya, sannan a yi wa kowanne ɗan zarge a wuya, wanda zai riƙe zaren kada ya kwance amma ya sake shi idan an juya kwarkwaron da gangan. Zargen kuma dole ya bi fuskar naɗin. Ni na naɗe 12 ta nan, na tashi na sha ruwa, na dawo na naɗe 12 ta can, zarge kuwa iri ɗaya na yi musu duka. Da na rataya su, rabi suka tsaya cak kamar sojoji, rabi suka sulale ƙasa suna birgima a ƙarƙashin kujerun mutane. Yaya ta ɗaga ƙafa ta bar ɗaya ya wuce, ko kallona ba ta yi ba.

Aikin farko da ake ba kowa wani siririn tsiri ne na gwaji, wanda masu wannan sana'a a Ingila suke yi wa laƙabi da bandeji, kuma duk wanda ya ga nawa ba zai yi musu gardama ba. A cikinsa ake koyon cewa tagwaye iri biyu ne. Akwai 'yan zaune, masu saukowa a miƙe, akwai 'yan aike, tagwai ɗaya da ke ratsa su daga wannan gefe zuwa wancan. Idan 'yan aike suka kai ƙarshen layi sai a murɗa su sau biyu, a kafa fil a ƙarƙashinsu, a ja 'yan zaune ƙasa a hankali ɗaya bayan ɗaya don su miƙe, sannan a juyo. Fil ɗin gefe ana ɗan karkata shi waje da baya. Wanda ya kafa shi yana kallon ciki zai ga aikinsa yana tasowa sama daga kan kwalin zanen da ake saƙa a kansa, yana tsukewa. Nawa bandejin ya fara da faɗin yatsa biyu, ya ƙare da faɗin yatsa ɗaya, saboda ina jan 'yan aike kamar ina jan guga daga rijiya.

Bayan wata biyu aka ce na isa in yi alamar shafin littafi, da tagwaye 12, wato kwarkwaro 24, a salon Toshon, wanda ramukansa ke jere a karkace kuma da shi akasari ake fara koya wa mutane. Na manna zanen a kan kwali, na rufe da shuɗiyar leda marar ƙyalli don farin zare ya fito a ido, na huda kowane ɗigo da allura kafin in fara. Yaya ta koya mini gwada kaurin zare: a naɗa shi a jikin rula, a jere ba tare da hawa kan juna ba, idan naɗi 12 ya cike tazarar da ke tsakanin ramuka biyu na miƙaƙƙen gefen zanen, to zaren ya dace. Idan ya fi haka kauri aikin zai cushe, idan ya fi siriri zai yi sako-sako kamar tsohuwar raga. Wannan karon komai ya tafi daidai. Gitta, murɗa, fil, gitta, murɗa. Har na fara jin daɗin ƙarar katakon nan, ƙwas ƙwas, ina satar kallon sababbin ɗalibai da tausayi.

Ranar da abin ya faru na kai kusan santimita 9, aikin mako uku. Na sa wata riga mai faɗin hannu. Akwai ƙyalle da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kwarkwaro, ya rufe ƙasan kwalin don kada zare ya maƙale a gefensa, kuma idan aiki ya sauko sai a matsar da shi ƙasa a sake kafe shi da fil a gefe biyu, a danna su har kai. Na matsar, na kafe dama, na kafe hagu, na danna da ƙarfi yadda aka koya mini. Ban lura ba ashe bakin hannun rigata ya shige ƙarƙashin ƙyallen. Daidai nan wayata ta yi ƙara a cikin jaka a can bakin ƙofa, na miƙe zumbur.

Matashi ya ce ba a bar shi a baya ba. Ya taso daga kan tebur ya biyo ni, ya yi lilo a hannuna kamar yaron da ba ya so a tafi kasuwa ba da shi ba, kwarkwaro 24 suka yi sama suka haɗu a iska suka gaisa, sannan fil ya zare, abin ya kifa a ƙasa ta fuska. Ajin ya yi tsit. Wayar ma ta katse.

Da na juyo da shi, abin da na gani ya fi kama da gashin da aka kwana uku ba a taje ba. Hannuna ya tafi kai tsaye wurin almakashi. Malama, wadda ban taɓa ganin ta yi sauri ba, sai ga ta a kaina ta riƙe mini wuyan hannu.

“Me za ki yi?”

“Malama, in yanke in sake sabo.”

“Ajiye. Ba ƙulli ko ɗaya a nan. Zare ba ya ƙulluwa sai bakinsa ya bi ta cikin madauki, naki kuwa kowane baki yana ɗaure da katako. Hawa kan juna kawai suka yi.”

Ta sa na ajiye matashin a kwance, ta hana ni ɗaga kwarkwaron a dunƙule, don ɗagawar ce ke sa wani ya faɗa ta cikin wani, a nan ne ake samun ƙullin gaske. Daga wurin fil ake farawa, ba daga wurin katako ba. A nemi zaren da ke saman kowa, a bi shi da ido har zuwa kwarkwaronsa, a ɗauke shi shi kaɗai a kai shi gefe. Sai na gaba. Idan an gama, a duba fil na ƙarshe da aka kafa, kowanne tagwaye biyu ne ke rataye a kansa, da haka ake gane wa ke bin wa. Abin mamaki, saƙar kanta ba ta yi komai ba, fil sun riƙe ta, sai guda shida da suka lanƙwashe na canza su ɗaya bayan ɗaya. Awa biyu da rabi na yi ina wannan aiki, Yaya tana gefe tana ba ni labarin yadda ake tare wannan masifa: kafin a motsa matashi ko taƙi ɗaya, a jera kwarkwaro a kan ɗan siririn katako a ɗaure da roba, ko a ɗora musu tsiri na ƙyalle a kafe shi da fil tsakanin kowane huɗu, sannan a rufe duka. Na ce, “Yaya, ai da kin faɗa mini tun jiya.” Ta ce ta faɗa, ina kallon sababbin ɗalibai ne lokacin.

Zare biyu sun tsinke. Na ɗaya ya bar wutsiya mai tsawo, aka yi masa ƙullin masaƙa, aka ce in ci gaba har ƙullin ya matso kusa da aiki sannan a san yadda za a kauce masa, don ba a barin ƙulli a cikin leshi. Na biyu ya tsinke gab da saƙa, sai Malama ta nuna mini a warware baya kaɗan har wutsiyar ta fito, a rataya sabon zare a fil a can baya, a kwantar da shi tare da tsohon su yi 'yan layuka tare a wurin saƙa mai cika, daga baya a yanke bakunan. Sai dai da muka zo rataya sabon zaren, babu kwarkwaron da za a naɗa shi. Na ƙirga, 23. Malama ta ƙirga, 23.

Ajin gaba ɗaya ya sauka ƙasa. Mata takwas, wasu da jikoki, suna rarrafe suna leƙa ƙarƙashin kabad. Aka zazzage jakunkuna, aka ɗaga labule, wata har ta leƙa waje ta taga. Ni ma ina rarrafen ina ba da haƙuri, ina jin wani abu yana ɗan bugun gwiwar hannuna, na ɗauka tsoro ne ya sa jijiya take harbawa. Sai da na ɗaga hannu zan nuna wani lungu da ba a duba ba, ya zamo daga cikin hannun rigar ya faɗo a gaban Malama, ƙwas.

Na gama alamar shafin bayan wata guda. Na bar fil a ciki kwana ɗaya kamar yadda ake yi don zaren ya zauna, na zare su a hankali, na ɗago ta. Daga sama har ƙasa lafiya lau, in ban da wani wuri a santimita na tara da ya ɗan kumbura, inda zare biyu suka kwana tare. Na kai wa ƙanena kyauta, ya juya ta ya sake juyawa, ya yi godiya sosai, sannan ya tambaye ni ko lagwanin fitila ce.

Yanzu da riga mai gajeren hannu nake zuwa aji. Duk da haka, ko ruwa zan tashi sha, sai Malama ta ɗago kai daga can inda take ta ce, “'Yar nan, ɗaga hannuwanki in gani tukuna.”