Musanya haruffa ba ya ɓoye sirri

Ɗalibanmu masu koyon Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, a Madina da Jidda sukan fara da manhajar musanya haruffa, inda kowane harafi ke samun madadi: a ta koma k, b ta koma m. Da yawa suna ɗauka saƙon ya tsira, tunda hanyoyin jera haruffan Ingilishi 26 sun fi ƙarfin kwamfuta ta gwada su ɗaya bayan ɗaya. Amma saƙon bai tsira ba.

Mai fasa saƙo ƙirga haruffa yake yi, dabarar da Al-Kindi ya bayyana a Bagadaza tun ƙarni na 9. Musanya tana canza kamannin harafi, amma yawan fitowarsa yana nan yadda yake. A Hausa, a ta fi kowane harafi yawa nesa ba kusa ba, don haka alamar da ta fi maimaituwa kusan ita ce a. In ka bar tazara tsakanin kalmomi, gajeru irin su da, na, ta, ya za su tona asirin sauran.

Wajen rubuta manhajar ma akwai tarko. Kowane harafi yana da lambarsa a kwamfuta, ta a ita ce 97. Cire 97 daga lambar harafi da amfani da % 26 (ragowar rabawa da 26) na haruffan Ingilishi ne kaɗai. Ɓ, ɗ, ƙ suna can wani wuri a Unicode, tsarin da ke ba haruffa lambobi, sai lissafin ya lalata su. Na Larabci ma ba a jere suke tsaf ba, ة tana tsakanin ب da ت. Rubuta jerin haruffanka da hannu, ka hargitsa kwafinsa da random.shuffle, ka haɗa jerin biyu, kowane harafi da madadinsa, da str.maketrans. Kada haruffa biyu su sami madadi ɗaya, in ba haka ba saƙon ba zai warwaru ba.

Lambar iƙama (katin izinin zama a Saudiyya) ko ta banki kuwa, AES, tsarin ɓoye bayanai mai ƙarfi, ake sa mata.