"Ki daina tunani" ba magani ba ne

Shekara uku ke nan Gwaggona da ke Tudun Wada tana karɓar maganin hawan jini kala uku: amlodipine, lisinopril da 'yar ƙwayar nan mai sa fitsari. Duk da haka, in aka ɗaura mata abin awo sai ka ga 170 bisa 100. A wurin likitoci, wanda ke shan kala uku yadda aka tsara, har da na fitsarin, amma jininsa bai sauko ƙasa da 140 bisa 90 ba, shi ne mai hawan jinin da ya ƙi jin magani. Mu kuwa a gida magana ɗaya muka iya: "Gwaggo, ki daina tunani."

Wallahi na gaji da jin wannan magana. Matar da mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar, ga mai gida na aiko saƙon kuɗin haya, ta ina za ta daina tunani don kawai ka ce ta daina?

Damuwa ba a zuci kaɗai take tsayawa ba. Hankali na tashi, jiki zai saki sinadaran adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara gudu, hanyoyin jini su tsuke. Na ɗan lokaci ba komai. Amma wanda kullum dare ke raba masa ido biyu, jinin da ya kamata ya sauka lokacin barci sai ya kwana a sama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da na buɗe gwangwanin madarar da take ajiye magani. Katin ƙwayar fitsarin cike yake, ko rabi ba ta ɓalla ba. Da farko ta ce yana hana ta riƙe alwala. Na yi shiru. Can ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗan nan, wata rana sai in ga ko na sha me zai canza." Mun ɗauka maganin ne ya gaza, ashe zuciyarta ce ta karaya, kuma ba wanda ya taɓa tambayar ta. Ga ciwon kai, sai ta aika kemis a sayo diclofenac, shi ma ɗaga jini yake yi.

Da muka sayo na'urar awo, sai ga shi a gida bayan asuba jininta bai kai na asibiti ba. Ganin farar riga ma tayar mata da hankali yake yi, don a gadon asibiti mijinta, Baffa, ya cika.

Ban ce kowane irin wannan ciwo damuwa ce ba. Akwai ciwon ƙoda, akwai minsharin da ke ɗauke numfashi, akwai gishiri da dunƙulen da muke zambaɗa wa miya. Dole likita ya bincika, kuma kada kowa ya ajiye maganinsa. Roƙona ga likitocinmu, kafin a ƙara ƙwaya ta huɗu, a tambayi mara lafiya yadda yake barci da abin da ke cin ransa. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Mu dai mun haɗa kuɗin hayar tsakaninmu. 'Yarta ke miƙa mata maganin da ta idar da sallar asuba, ta rubuta awon a littafi. Shi za mu kai wa likita ranar komawa, tare da katin da ba ta sha ba.