Ta ƙofar hirar kallo labarin gida ke shigowa

Akwai masu ganin cewa abokan da hirarsu ba ta wuce ƙwallo da wasan kwaikwayo ba, abotar tasu ba ta da nauyi. Ban yarda da wannan ba, kuma zama nesa da Sakkwato yana ƙara nuna wa mutum kuskuren maganar. Bahaushe ba ya ɗaukar waya ya ce wa abokinsa, “Kira na yi in gaya maka jarina ya karye.” Kunya da kawaici ba za su bar shi ba. Sai an gaisa, an taɓa wasan jiya, an yi wa mai tsaron gida tsiya, sannan can dab da sallama ya ce, “Af, ka ko san tsohuwa ta kwana biyu asibiti?” Hirar kallo kamar zaure take, sai an bi ta cikinta ake isa tsakar gida.

A Sakkwato babu mai zama ya tsara wannan, domin majalisa ta ɗauke nauyin. Ko a Mabera ne, ko Runjin Sambo, ko Gawon Nama, benci ko tabarma na nan inda aka saba, mai shayi na kusa. Ranar wasa a ɗunguma zuwa gidan kallo, a biya 'yan ɗaruruwan naira, janareta na ruri a waje, wani na ihun “wanga yaro bai san ƙwallo ba!” Labari yana zuwa ko ba a tambaya ba. Rashin ganin mutum ma labari ne: in wurin zamansa ya kwana biyu babu kowa, wani zai ce “ina wane?”, kafin isha'i an aika yaro gidansa. A nan Ingila kuwa mutum zai yi mako guda kwance, ba wanda zai lura, domin babu bencin da za a ga gurbinsa. Abin da majalisa ke bayarwa kyauta a gida, a nan sai an sa masa rana da lokaci.

Abin da zai ba mutanen gida mamaki shi ne, wanda ke Sakkwato ya fi wanda ke Ingila ganin gasar Firimiya. A Birtaniya ba a nuna wasan ƙwallo kai tsaye a talabijin ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma. Tsohon tsari ne tun shekarun 1960, an yi shi don kada mutane su zauna gida su bar filayen ƙananan ƙungiyoyi babu 'yan kallo. Saboda haka wasan ƙarfe 3 da ake kallo a gidan kallo a Arkilla, wanda gidansa ke kusa da filin wasan ba zai gan shi a akwatinsa ba, sai dai rediyo ko taƙaitaccen bayani da dare. Sauran wasannin kuma suna tashoshin kuɗi irin Sky Sports da TNT Sports, ga lasisin talabijin da ya haura fam 170 a shekara. Wannan yana da daɗi ga abota. Na waje, wanda ake ganin ya fi kowa samu, shi ne zai kira yana cewa, “Don Allah ba ni labari, yaya aka yi aka ci mu?” A wannan kiran babu mai nema babu mai bayarwa. Abota tsakanin na gida da na waje ta fi lalacewa a lokacin da kowane kira ya zama ana jiran a ji roƙo a ƙarshensa, ko na gida ya daina kira don gudun kada a yi masa wannan zaton. Wasan da aka kalla tare yana ba kowa dalilin kira wanda ba kuɗi ba.

Sai dai abin yana da nasa tarnaƙi, kuma na farko agogo ne. Najeriya ba ta canza lokaci. Birtaniya tana canzawa sau biyu a shekara: daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba lokacinmu ɗaya, daga nan zuwa Maris kuma Sakkwato na gaba da awa ɗaya. Shi ya sa wasannin dare na gasar Zakarun Turai ke farawa ƙarfe 9 a Sakkwato lokacin sanyi, su dawo ƙarfe 8 a Afrilu da Mayu. Wanda ke Saudiyya yana gaban gida da awa 2, na Malesiya da awa 7, na gabashin Amurka kuma yana baya da awa 5 ko 6. Zauren WhatsApp na abokai da ke da mutane a wurare uku ya kamata ya tsayar da magana ɗaya: duk lokacin da aka ambata, lokacin gida ake nufi. A kuma tuna da salla. Magariba a Sakkwato ba ta cika fita daga tsakanin 6:15 da 7:10 ba duk shekara, amma a Landan rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4 a Disamba, ta wuce ƙarfe 9 a Yuni. “Bayan magariba” ba alƙawari ba ne tsakanin waɗannan biyun, sai an faɗi ƙarfe nawa.

Na biyu shi ne jinkirin hoto. Mai kallo ta intanet yana baya da mai kallo ta tauraron ɗan'adam, daga rabin minti zuwa fiye da minti guda, domin sai an yanka hoton gunduwa-gunduwa an tara a waya kafin ta nuna. Sakamakon haka saƙon “ta shiga!” zai iso daga Sakkwato alhali a wajen na waje ko bugun kwanar ba a yi ba. Wannan ƙaramin abu ya kashe kallon tare a zauruka da yawa. Maganinsa a rufe ƙarar saƙonni muddin ana wasa, a ajiye kira sai hutun rabin lokaci. Minti 15 ne, kuma ya isa: biyar na farko ga alƙalin wasa da mai horarwa, sauran ga yara da kasuwa da jikin tsofaffi. Hutun yana da wani amfanin kuma. Tunda kowa ya san za a koma wasa, ba wanda zai ji an katse shi in aka yi sallama.

Kiran kuwa na murya ya kamata ya zama. Kiran murya a WhatsApp bai cika kai megabait 1 a minti ba, na bidiyo yana cin ninkinsa da yawa, kuma shi ne ke fara yankewa in sabis ya yi rauni. Na waje yana kan intanet ɗin gida wanda ba ya ƙarewa, sai ya manta ɗan'uwansa data yake saye, wayarsa ma wataƙila a shagon caji ta wuni. Wanda ke Dubai kuma ya san kiran WhatsApp a toshe yake a can, amma saƙon murya yana wucewa. Saƙon muryar ma a taƙaita shi, minti ɗaya ko biyu. Wanda ya kai minti goma ana ajiye shi “sai an natsu”, natsuwar kuma ba ta zuwa.

Wajen mata abin ya ma fi zurfi, ko da yake ba a cika maganarsa ba. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, wasannin kwaikwayo masu dogon zango suka zama abin jira mako-mako, wasu kuma a YouTube ake sakin su, wanda hakan ya sa ta Gidan Igwai da ƙawarta da aure ya kai Jidda ko Birmingham suke kallon abu ɗaya. Wanda bai san hirar mata ba zai ɗauka gulmar 'yan wasa ake yi. Amma idan ƙawa ta ce, “Ni dai da ni ce matar nan, wallahi ba zan iya wannan haƙurin ba,” ta kuma maimaita shi mako biyu a jere, aminiya mai hankali ta san ba matar cikin wasan ake nufi ba. Wasan ya ba ta hanyar yin maganar kishiya ko uwar miji ba tare da ta tona asirin gidanta ba. Abin da ya rage wa mai saurare shi ne ta bar zauren taron, ta kira ta ita kaɗai. Ƙa'ida ɗaya ce a nan: wadda ta riga kallo kada ta faɗi ƙarshen labari. Mai kallo da data kuma ta rage ƙarfin hoton zuwa 360, ta sauke shirin a lokacin da sabis ke da kyau, ta kalla daga baya ba tsinkewa.

Inda nake ganin mu na waje muke kuskure shi ne ɗaukar zauren WhatsApp a matsayin majalisa cikakkiya. Ya dace da sanarwar ɗaurin aure, da haihuwa, da hoton yaro ranar saukar Alƙur'ani. Bai dace da ta'aziyya ba. A Sakkwato ana rufe mamaci cikin 'yan sa'o'i, na nesa ba zai samu jana'iza ba, wannan kowa ya sani kuma ba mai zarginsa. Amma rubuta “Allah ya jiƙansa” a ƙarƙashin saƙonni hamsin irinsa ba gaisuwa ba ce. A kira wanda aka yi wa rasuwa cikin kwana ukun zaman makoki, a gaishe shi da baki, a roƙi aboki ɗaya ya taka da ƙafarsa ya ce “wane ya aiko ni.” An ce zumunta a ƙafa take, to wanda ƙafarsa ba za ta kai ba sai ya ari ta ɗan'uwa. Masu kula da zaure su ma su yi hattara: kada a sa labarin rasuwa sai an tabbatar an kira 'ya'ya da 'yan'uwan mamacin da ke nesa. Babu ɗacin da ya kai mutum ya ga hoton mahaifinsa tsakanin saƙonnin ƙwallo. Haka gudummawar suna: kwana bakwai ne kacal, a tura wa amintacce ɗaya da wuri, ya kai hannu da hannu.

Akwai kuma batun lamba. Layin Najeriya da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba ana rufe shi a sayar wa wani, alhali WhatsApp ɗin mutum a kansa yake. Wanda ya tafi ya riƙa taɓa layin, ko ya mayar da asusunsa kan sabuwar lamba ta hanyar da manhajar ta tanada, ya kuma sa lambar sirri ta biyu. Duk wanda ya kira ya ce a karanto masa lambobi 6 da aka turo, ko da sunan taron 'yan ajinmu ne, ɓarawo ne. Da ya karɓe asusun, abokan gida zai fara bi yana neman rance da sunanka.

Lokacin da zauruka suka fi mutuwa shi ne Yuni da Yuli. Firimiya na ƙarewa a Mayu, ba ta dawowa sai Agusta, kuma a shekarar da babu babbar gasa sai a yi makonni ba wanda ya ce uffan. A riƙe ranar kiran ko babu wasa. Lokacin ya dace da faɗuwar damina, abin buɗe baki kuma a shirye yake: ruwa ya sauka a Wamakko? An yi shuka a Dange? Nawa buhun taki bana?