Maganin da muke haɗiya, ina yake sauka?

Tun lokacin da na yi jinyar innata, ƙanwar mahaifiyata, wata shida cur tana haɗiyar maganin tarin fuka kowace safiya, wata tambaya ta ƙi barin raina. Ƙwayar cutar nan ɓuya take yi a cikin ƙwayoyin halittar garkuwar jiki, waɗanda aikinsu shi ne haɗiye cuta. To shi maganin, yana bin ta har ƙuryar ɗakin da ta ɓuya ne, ko a zaure yake tsayawa?

Shekara da shekaru, idan masu bincike suna son amsa, sai su tara miliyoyin ƙwayoyin halitta su niƙe su auna. Kamar ka daka tattasai da albasa da daddawa a turmi ɗaya ne: za ka san abin da ke ciki, amma ina kowanne yake zaune tun farko, wannan ya tafi.

Yanzu akwai wata hanya, kuma wallahi duk lokacin da na karanta yadda take aiki sai tsigar jikina ta tashi. Ana daskarar da ƙwayar halitta guda ɗaya ko a busar da ita, a saka ta inda aka zuƙe iska ƙaf, sannan a riƙa harbin samanta ɗigo-ɗigo da wasu ƙananan ƙwayoyi masu caji. Duk abin da ya fantsamo, na'ura ta auna nauyinsa. Kowane sinadari da nasa nauyi, don haka nauyin shi ne sunansa. An gama da sama, sai a kankare ta a sake, ɓawo bayan ɓawo kamar albasa, daga ƙarshe kwamfuta ta jera hotunan su ba da siffa mai tsawo da faɗi da zurfi. A 2007 masana a Jami'ar Manchester ta Ingila suka nuna haka a kan ƙwan kwaɗo. A 2017 cibiyar awo ta ƙasar Birtaniya da ke Teddington ta fito da na'urar OrbiSIMS, wadda aka ga maganin bugun zuciya, amiodarone, da ita a cikin ƙwayar halitta ɗaya tak.

Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne aikin 2019 na Cibiyar Francis Crick da ke Landan. Maganin bedaquiline, da ake ba masu tarin fukan da ya gagari magungunan farko, yana ɗauke da sinadarin bromin, sai masu binciken suka bi sawun bromin ɗin da na'urar NanoSIMS, ƙirar Faransa, mai iya tantance abu ƙarami kamar nanomita 50 (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya). Ashe maganin taruwa yake yi a cikin ɗigon kitsen da ke cikin ƙwayar halittar, kamar rumbu, daga nan ya isa ga ƙwayar cutar. Awon jini ba zai taɓa nuna maka wannan ba.

Na san wani zai ce wannan almubazzarancin masu kuɗi ne, mu da asibitocinmu ke fama da wutar lantarki. Gaskiya na'urorin suna da tsada matuƙa, kuma ƙwayar halittar da aka auna ta lalace ke nan, hoton lokaci ɗaya kawai ake samu. Duk da haka ban yarda ba. Najeriya na sahun gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka. Mu ke shan maganin, mu ke binne waɗanda bai yi wa aiki ba.

Ba na cewa a sayo na'urar gobe. Ina kira ne ga malamanmu na kimiyyar sinadarai da harhaɗa magunguna su faɗa wa ɗalibai cewa wannan fage yana nan, su nema musu haɗin gwiwa da masu na'urorin. Ɗalibar da ke neman abin da za ta yi digiri na uku a kai, ga tambaya: ina maganin yake sauka a jikin mai tarin fuka da ke fama da ƙanjamau ko ƙarancin abinci mai gina jiki, irin marasa lafiyar da ke kwance a asibitocin Kano da Maraɗi?