Tsalle mai nisa daga gudu yake farawa

Iyaye da dama cikin Hausawan Jidda da Makka, idan ɗansu ya shiga ƙungiyar tsalle ta jami'a, sukan yi ƙorafin cewa koci yana ɓata masa lokaci, domin kullum gudu yake sa shi, ba kasafai yake barinsa ya dira cikin yashi ba. Wannan fahimta kuskure ce.

Saurin da ɗan wasa ya iso da shi allon tashi shi ne babban abin da ke ƙayyade nisan tsallensa. Hanyar gudun ba ta gaza mita 40 ba, allon kuwa faɗinsa santimita 20 ne kacal. Idan bakin takalmi ya ƙetare layin da ke ƙarshen allon, tsallen ya lalace. Idan kuma yaron ya tashi tun kafin ya taka allon, ya yi asarar wannan tazara, tunda daga layin ake fara awo. Shi ya sa koci yake liƙa tef a gefen hanya, ya durƙusa daidai allon yana duban inda ƙafa take sauka, har sai takun ya zauna. Mita 8.48 da Muhammad Al-Khuwalidi na Saudiyya ya yi a 2006 ba ƙarfin cinya kaɗai ya kawo ta ba.

Cikakken tsalle kuma yana gajiyar da gwiwa da idon sawu ƙwarai, don haka ake taƙaita shi, musamman ga mai gasar wasanni goma, wanda a ranar farko zai yi tseren mita 100, tsalle iri biyu, jifan dalma da tseren mita 400.